Ranar da na ɗauki mahaifiyata aiki

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da wata mata 'yar unguwar Kanda ta tsaya a rumfarmu ta unguwar Nima ba.

Tun kafin a haife ni mahaifiyata ke sayar da shinkafa da wake a gefen babbar kwata, kowa kuma ya san wurin da sunan Hajiya Bakin Kwata. Sunan nan ya daɗe yana ba ni kunya. Ina gama karatun kasuwanci na ce mata kwata ba ta jawo mai kuɗi. Na kafa allo mai ruwan zinariya, Royal Ladle Kitchen (har yau Hajiya ba ta iya faɗinsa), na sa farar hular masu girki na tsaya gaba, ita kuma na mayar da ita bayan labule wajen tukwane.

Tukunyar ba ta canja ba, hannun ma haka, amma layin safe ya watse. Direbobi sukan leƙo, su ga allo, su wuce. Abincin da kan ƙare kafin azahar ya koma kaiwa la'asar. Na gaji, ga girman kai ya hana ni faɗa.

Ranar nan matar ta zo neman mai dafa abincin auren 'yarta, aikin da zai tashe mu tsaye. Ta tambayi inda Hajiya ta koma, wai ta ji wasu 'yan boko sun saye wurin. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na gyara hula na ce mu ne sababbin masu wurin, ta ɗanɗana ta ji. Ta kai cokali ɗaya baki, ta ture kwanon, ta ce bai kama ƙafar na Hajiya ba.

Daidai nan Hajiya ta ɗaga labule da ludayi a hannu. Matar ta dafe ƙirji.

"Hajiya, ashe aiki kike musu yanzu?"

Hajiya ta dube ni, ta dubi hular. "Eh, 'yata ce ta ɗauke ni. Madam, in zuba mata wani?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Daga tukunyar nan dai aka sake zubawa, matar ta cinye tas, ta ba Hajiya aikin.

Na gane cewa suna ba a allo yake ba, a bakin mutane yake. Allon nawa kuwa bai tashi a banza ba. Mun shimfiɗa shi kan kwatar, a kansa masu layi suke tsallakowa.