Koren Layin Malam Na'ibi

"Lahiya lau, sai godiya. Ke kuma wa ya aiko ki, uwar kinibibi?"

"Maigidana na kwance, sai an aiko ni?" in ji Amatullahi, tana durƙusawa gefen tabarmar kakanta, Malam Na'ibi.

Tun da 'yan bindiga suka raba Malam Na'ibi da gonarsa ta Dauran, ya dawo gidan ɗansa a Kaura Namoda, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya ƙi motsa hannun, wai wanda ba shi da gona me zai yi da hannu. Amatullahi, mai koyon aikin gashin ƙashi a asibiti, ta aro wata 'yar na'ura. Ta manna masa wayoyinta a dantse, ta kafa masa allo a gaba. Ta ce in ya matse naman hannun, koren layin da ke kan allon zai tashi, kuma in ido ya ga ƙoƙari, jiki kan ƙara himma.

"Ni za ki ɗaura wa waya awa rediyo?"

"Rediyo ya fi ka, shi ko batir aka sa mashi yana aiki. Matse."

Ya matse. Layi na kwance.

"Ashe ragon miji na samu. Gobe in nemi saurayi."

"Wa zai kwashe ki, mai ƙafar sauro? Da hannun ga nike cilla damen gero bisa rumbu."

"Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba."

Ta so ta haɗiye maganar, amma ta riga ta fita.

"Bana kam ba daɗi," ya ce a hankali. "Rumbun ma sun ƙone shi."

Ya ƙura wa allon ido, ya cije leɓe, ya sake matsewa. Bai ji komai a hannun ba, amma layin ya ɗan ɗago kai kamar tsiron gero. Ya ƙara, ya ga ya zarce na farko. Sai da zufa ta karyo masa ya bari.

"Kin ci, ja'ira." Ya lalubo goro da hagu ya miƙa mata.

"Ba a ba amarya kyauta da hagu."

Ya yi dariya, idanunsa na ƙwalla. Ya dubi hannun daman, ya tura goron ƙarƙashin matashi.

"To, ki yi ta zuwa har in iya ba ki shi da dama. In ya bushe kafin nan, ke kika sani."