Ba-Gwaji da Burkin Hajiya Kubura

Wani mutum ne a garejin bayan tasha, Mamuda Rewaya, mai gyaran wayoyin mota. Aikin dai yana taɓawa, amma bakin ya yi wa hannun fintinkau. In ya baje a bencin mai shayi sai ya ce shi mota magana take yi masa, tun daga bakin titi in ta yi tari ya san wayar da ke mata ciwo. Abu biyu ya tsana a duniya, kwamfutar da ake jona wa mota ta faɗi cutarta, da gwada aiki bayan an gama. "Gwaji na mai shakka ne," in ji shi. Shi ya sa ake ce masa Ba-Gwaji.

To, Mamuda na neman wata bazawara, Hajiya Kubura mai sai da atamfa, kuma son tsakani da Allah yake mata. Magana ta yi nisa, saura baffanta Malam Sadisu, wanda shi ne waliyyi, ya ce a turo. Tsohon kuwa rawar kan Mamuda ba ta kwanta masa ba, ya dai zuba ido.

Ran nan Hajiya ta kawo motarta, irin mai canja giya da kanta, wadda ba ta tashi sai an taka burki. Ta ce, "Mamuda, sai na yi ta taka burkin nan kamar mai keken ɗinki kafin ta tashi. Ga wata jar fitila a gabana ta ƙi mutuwa."

Nafi'u, wani mai gyara na rumfar kusa, ya leƙo ya ce, "Sensar burki ce, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota an taka. Ko ita ta mutu, ko wayarta. Kawo in jona kwamfuta mu gani."

A gaban Hajiya fa. Mamuda ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido.

"Riƙe talabijin ɗinka ka kalli ƙwallo, Nafi'u. Hajiya, yi tafiyarki gida. Ni da kaina zan kawo ta bayan la'asar."

Gogan naka ya nutsa ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a sama. Ya zaro damin wayoyi, ya shinshina, ya kara kunne, ya ce, "Na ji ki." Ya datse biyu masu launi ɗaya, ya fiƙe su da haƙori, ya murɗe, ya naɗe da baƙin salatif. Jar fitilar nan dai tana nan tana kallonsa. Sai ya yanki guntun salatif ya liƙe mata ido.

Ya shiga, ya taka burki zai tashe ta. Faaam. Hon ya tsage gareji, kowa ya juyo.

"Godiya take yi," in ji Mamuda, ya ɗaga musu hannu ya fice.

Ashe wayar sensar ya ɗaura wa ta hon. A babban titi kuwa wa zai gane? Kowa danna hon yake kamar an aiko shi. Duk sanda ya taka burki ya ji faaam, sai ya leƙa taga ya ce wa na bayansa, "To ka bi ta sama mana."

Yana karya kwana ya shiga lungun su Hajiya, sai ga jama'a cike da hanya, makara a kafaɗa, ana kai wani dattijon unguwa maƙabarta. Shiru kake ji, sai sawun takalma. Can baya ga Malam Sadisu yana dogara sanda, mamacin amininsa ne.

Mamuda ya gyara hula, ya sa fuskar jimami, ya taka burki a hankali don ladabi.

Faaam.

Jama'a suka waiwayo. Wa ke yi wa gawa hon? Ya saki burki da sauri, mota ta fara rarrafe za ta ture Malam Sadisu. Ya sake takawa. Faaaaam. Ya saki, ta bi tsoho. Ya taka, ta kurma ihu. Gaba kura, baya sayaki. Gumi ya jiƙe shaddar da ya sa don Hajiya. Ya kashe inji, amma tsoro ya hana shi ɗage ƙafa, hon kuwa ba ruwansa da inji, ya ci gaba da kwarmato. Masu makara suka tsaya cak. Hajiya Kubura ta leƙo daga soro, ta ga motarta, ta ja mayafi ta koma.

Malam Sadisu ya tako a hankali, ya buɗe ƙofa, ya sa bakin sandarsa ya ture ƙafar Mamuda daga burki. Ɗif. A cikin shirun nan salatif ɗin da zafi ya narkar ya ɓalle ya faɗo, jar fitila, wadda kashe injin ma bai kashe ta ba, ta buɗe ido.

Tsoho ya dubi fitila, ya dubi Mamuda. Ya ce, "Kai ne mai cewa mota na yi maka magana?"

"Ni ne, Baffa."

"To yau ta yi wa unguwa duka, har da mamaci. Ni ma na ji abin da ta ce. Ta ce kada in ba ka."