Ingilishin Fulera da Takalman Nomau

"...da gajiya, da ƙurar hanya? Ya mutanen Dabaga? Har yanzu ba su gaji da kai sun koro ka ba?"

"Lafiya lau. Sun ce in gaida tsohuwar 'yar lakkwal, 'yar makarantar boko."

Nomau ke nan, mai garka, wato lambu, a Dabaga, yana sauke buhun albasa a tsakar gidan Fulera, taubashiyarsa, ɗiyar gwaggonsa. Shekararta ashirin tana aikin jinya a gidan likita a Agadez. An ba ta damar zuwa Gana koyon aikin ido, amma sai ta ci jarrabawar Ingilishi. Bara ta je Yamai ta faɗi. Bana ta koma, yau mako biyu da dawowarta.

"Zauna, ɗan kawu, ina da ƙara a kanka," in ji Fulera. "Ekutar ɗin sawa a kunne da na aike ka ka saya mini, kunne ɗaya ke magana. Wata huɗu ina sauraren Bature da kunnen hagu."

"To, laifi na yi? Da biyun sun yi magana da kin haukace. Rabin Ingilishi ma ya ya kika ƙare da shi?"

"Araha ba ta ado. A bola ka tsinto shi."

"A bola? Har Dubai na aika! Mai kantin ya ce wannan na tsofaffi ne, ɗaya kunnen an bar shi don jin kiran salla."

"Wa ye tsoho? Ranar sunana kana da haƙora."

"Ni na yarda da tsufana, na riƙe kwashe da shebur. Ke ce da furfura kika ɗauki kaye da bik na rubutu kina bin yaran lise 'yan sakandare, kina ce wa malami Mushe kaza, Mushe kaza. Ranar nan na shigo na tarar kina yi wa akuya Ingilishi. Tun daga ranar ta daina ba da nono."

"Gemu ba ya hana ilimi. Kuma akuyar ta fi ka ganewa. Kai da na ce maka gud monin, ba waigawa ka yi kana neman wanda ya biyo ka ba?"

"To, mutum ya ce maka gudu, ka tsaya?"

Fulera ta yi dariya har ta dafa bango. Nomau ya kurɓi ruwan da ta ba shi, ya ɗan sassauta murya.

"Wasa waje, baiwata. Mutanen jarrabawar sun yi magana?"

Shi kaɗai ya san abin da ya faru bara. Ko mai gidanta ba ta gaya wa ba. Ta iya karatun, ta iya rubutun, amma da aka zo wajen magana, wata yarinya sa'ar ɗiyarta ta yi mata tambaya, harshenta ya ƙi motsi. Ta zauna tana kallon tebur har lokaci ya cika. A tasha ta kira Nomau tana kuka, ta ce ta bari ke nan. Shi ya ce mata ba a taɓa jin taubashiyarsa ta rasa bakin magana ba, kada ta ja masa abin kunya. Daga nan duk ranar da ya kawo kaya gari sai ya zauna mata awa guda, tana zuba masa Ingilishi yana rama mata da zagi.

"Sun yi," in ji ta. "Da hantsin nan saƙon ya shigo."

Ta miƙa masa waya. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Ke, kar ki wahalar da ni. Wannan tafiyar tururuwar me ta ce?"

"Ta ce na ci, Nomau. Har da maganar. Bayan Babbar Salla zan tafi."

Ya ja bakin rawaninsa ya goge ido.

"Kuka kake yi?"

"Albasa ce."

"Buhun a ɗaure yake."

"Albasar Dabaga ce, ta cikin buhu take harbi. Alhamdu lillahi! To, a rubuta sunana a dipulom ɗin. Wa ya sha azabar? Kunnuwana har yau zogi suke."

"Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai inuwa ka zauna kana shan shayina."

"Ba ki da godiya. Dama haka ku 'ya'yan mata kuke."

Ya zura hannu a jakarsa ya fito da wani ƙunshi ya jefa mata a cinya. Takalma ne na fata, ɗinkin Agadez, ja da kore, sai ƙanshin jima suke.

"Karɓi. Kar ki je ƙasar mutane da wannan silifa ki zubar mana da mutunci. Tun watan jiya na ba baduku."

"Tun watan jiya? Ai ko jarrabawar ban yi ba a lokacin. Da na sake faɗuwa fa?"

"Da kin taka su kin koma ta uku."

Fulera ta daɗe tana shafa takalman. Ta sa ƙafa, suka zauna mata daidai.

"To, ɗan kawu," ta ce tana dariya, idonta ya cika, "yau dai ka kayar da ni."