Rasuwar Rakodata da Kaset a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da zan bayyana a ƙasa, ni Kuramochi Teruo, malamin adabi mai ritaya a birnin Kanazawa, nake sanar da rasuwar rakodata ranar sha huɗu ga Agusta da hantsi, tana da shekara talatin da takwas a duniya. Ta cika a kan tabarmar falo, gaban hoton matata.

Marigayiya ba ta magana sai an taɓa ta, kuma ba ta taɓa katse wa tsohuwa hanzari ba, halin da ni mai ita ban samu ba. Da ita na zaga ƙasar nan ina bin matan da suka yi 'yanmatancinsu bayan yaƙin duniya na biyu, zamanin da ake hayar littafi na kwana ɗaya a ɗan shago. Tambayoyi goma sha biyu nake yi wa kowace: me kika fara karantawa, ina kike ɓoye shi, wa ya kama ki. Manyan tsangayarmu suka ce labaran soyayya na haya ba adabi ba ne, shara ce. Marigayiya ko a jikinta. Ta haɗiye muryoyin mata ɗari biyu da shida, har da tarinsu da kukan butar shayinsu. Yau ko goma babu a raye cikinsu.

Wanda ya san ta ya san muryarta: ƙat idan an danna, sai shuuu kamar ruwan sama daga nesa, sannan mutum ya fito. Madannin mayarwa baya ya lotsa daidai babban yatsan matata Chizuru, don ita ta shekara ashirin tana kwashe maganar kowane kaset zuwa takarda. A littafin da na rubuta a kan matan na gode mata a layi ɗaya, ƙasa da ma'aikatan laburare.

Chizuru ta rasu shekara biyar ke nan. Ina tattara kayanta na tsinci kaset mai lamba ɗari biyu da bakwai, da rubutun hannunta, babu suna. Na saka. Ƙat, shuuu, sai ga ta da muryar nan tata ta tsokana:

"To, Malam sarkin tambaya. Ka je Hokkaido can arewa, ka je Kyushu can kudu, kicin ne ya yi maka nisa. Tunda ba a tambaye ni ba, bari in tambayi kaina. Ta ɗaya."

Na saurari amsar farko na kashe. A ranar na yanke shawarar da na ɗauka hikima ce: amsa ɗaya kowace shekara, a kwanakin Obon da matattu ke zuwa gida, daga ni sai ita sai turare. Ba na so ta gama magana, gaskiyar ke nan. Jami'a ta kwafe sauran kaset-kaset ɗin a kwamfuta, wannan kuwa na hana, wai kada ta yi magana sai ta bakin da ta saba, wato rakodar nan.

Ciwon ajali ya soma bara. Muryoyi suka riƙa yin nauyi, 'yar tsohuwa ta koma kamar ƙato a cikin rijiya. Wata rana da tsakar rana ina ɗaya ɗakin na ji ƙat, alhali ni kaɗai ne a gidan, kuma ban iya tashi in duba ba. Duk na ga alamu, na yi biris. Bana Chizuru ta kai tsakiyar amsa ta shida, tana dariya tana faɗin yadda ta ɓoye littafi a buhun shinkafa, sai dariyar ta miƙe, ta yi kauri, ta tsaya. Marigayiya rakoda ta naɗe zaren kaset ɗin a hanjinta ta rufe baki.

Tsoho Umeda mai gyara ya leƙa da tocila, ya girgiza kai. "Malam, wa ya aike ka? Kaset ba daddawar miso ba ne da za ka ajiye ya daɗe ya ƙara daɗi. Sai na fasa ta kafin in ciro shi, kuma ban ce maka zai fito da rai ba."

Ta rasu ta bar kaset ɗari biyu da shida, da littafi guda da ba a sake bugawa ba, da fensirin da ake juya zare, da ni. A cikinta kuma akwai amsa shida da rabi.

Za a yi mata addu'ar sallama irin wadda ake yi wa tsofaffin allurai da alƙaluma, ranar Lahadi ƙarfe goma na safe, a ƙaramin haikalin unguwarmu. Bayan an ƙona turare Umeda zai sa sukudireba. Ba a buƙatar furanni. Amma ƙawayen Chizuru na zaman karatun Laraba, don girman zumunci ku zo ku zauna kusa, ko da zaren zai fito a tsinke. Tambaya ta goma sha biyu ita ce: wa kike ba labarin abin da kika karanta? Ni na tsara ta da hannuna, kuma na riga na san sunan da ba ya cikin amsar.