Rasuwar Kambas ɗin da Ƙanena Ya Kawo Mini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba zan ɓoye ba, ni Gaji na Toranke nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar takalmina, farin kambas mai baƙin ratsi a gefe. Ya cika ne a hanyar kasuwar Ajingi, ina ɗauke da buhun gyaɗa. Bai ga damina biyu ba.

Ƙanena Maikuɗi, wanda na yi wa noma ya yi boko har ya zama wani abu a Kano, shi ya kawo mini marigayin da ƙaramar Sallah. Irinsa ne sak a ƙafarsa. Ya ce a kanti ɗaya ya sayo mana, nasa da na Yaya. Na yarda.

Marigayi mai zumunci ne. Ya je ɗaurin aure, ya je suna, ya je gaisuwar mutuwa. Gona kam bai san ta ba, don lallaɓa shi nake kamar ƙwai. Muryarsa ƙiƙ-ƙiƙ ce, ni kuwa na ɗauka haka takalman manya suke magana.

Asalinsa ya fito ne a ƙofar masallacin Juma'a a Gaya. Ni da Maikuɗi muka cire takalma muka jera. Da aka sallame, cikin turereniya, na zura nasa. Ido bai rabe su ba, ƙafa ta rabe. Nasa laushi kamar ka taka auduga, ba nauyi, ba ƙara, ɗinki ne ya zagaye shi. Nawa da gam aka manne shi. Na cire na miƙa masa, ya karɓa yana kallon ƙasa. Har yau ba wanda ya ta da zancen.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ruwan fari ya wanke ratsin, diddige ya karkace, baki ya buɗe ya koma fat-fat. Dada mai gyaran takalmi ya leƙa cikinsa, ya tarar kwali ne, ya miƙo mini abina.

Ya bar ƙafar hagu, da igiya biyu, da kwalin da ya zo a ciki, wanda Hanne matata take zuba garin kuka a ciki. Ya kuma bar wanda aka ce ɗan uwansa ne, yana can Kano lafiya lau, yana shan sanyin mota.

Ban riƙe marigayi da komai ba. Bai taɓa cewa shi na ainihi ne ba, wani ya faɗa a madadinsa. Ni da na girma da silifas mai ɗaurin waya, da an ce ga na talaka, da na karɓa na yi godiya.

Za a binne shi gobe bayan La'asar a ramin da ke bayan gida. Ana karɓar gaisuwa a gindin darbejiya. Kada Maikuɗi ya aiko direba da sabon kwali. Ya zo da ƙafarsa, ya cire takalmi a bakin tabarma, ya ɗago kai ya dube ni.