Idon Ya Kaka Na Jiran Rahotonku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Nazarin Yadda Za A Ƙara Ƙwararrun Lokotoro, Allah ya ƙara sanyin ofis.

Bayan gaisuwa da fatan kun huce gajiyar taro, ina rubuto muku ne a kan mahaifiyata Ya Kaka, mai saƙar tabarma a Bune. Yanar ido ta rufe mata na hagu, na dama ma ya fara hazo.

Na ɗaya, mun ji a rediyo an ware muku miliyoyi domin ku gano ko ƙwararrun lokotoro, wato likitoci, sun yi ƙaranci. Ranka ya daɗe, da kun tambayi direbobin tashar Gure, masu kwasar marasa lafiya zuwa Damagaram, da sun gaya muku kyauta, har su haɗa muku da shayi.

Na biyu, ranar da motocinku suka shigo gari, labari ya bazu cewa lokotoro sun zo. Kun san halinmu: muka ɗora tsofaffi a amalanke, wasu tun daga Gidigir. Muka jera layi. Aka ƙirga mu, aka ɗauki hotonmu, aka ce mun taimaka wa bincike ƙwarai. Ya Kaka ta buɗe ido da yatsu tana jira a duba, sai aka tambaye ta shekarunta. Ragon da muka yanka muku dai an duba shi sosai, ko ƙashi bai tsira ba.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Lokotoron ido guda muka sani, shi ya ba mu ranar da zai yi mata aiki a Damagaram. Na sayar da akuya, muka je. Aka ce ba ya nan, an naɗa shi cikin kwamitinku saboda ƙwarewarsa, yana Yamai yana nazarin dalilin da ya sa ba a samun lokotoron ido. Shin ya gano? Ko sai an kafa wani kwamitin ya nemo shi?

Ba ma roƙon kuɗin otel ko na zama. Ku ara mana shi yini ɗaya, mu dawo muku da shi da tsabtarsa. In kuwa nazari ba ya katsuwa, to idan rahoton ya fito kada ku wahala da buga shi da manyan baƙaƙe, ko su ba za ta gani ba. Jiya Ya Kaka ta gaishe ni da sunan ƙanena.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Ibram Umara, mai gyaran amalanke, Gure.