Motar Da Ba A Shiga Da Takalmi

Kwana da kwanaki ke nan abinci ba ya mini daɗi. Bikin Obon na tunawa da magabata ya matso, dole mu kwashi yara daga gidanmu na Saitama mu tafi ƙauyen surukata a Yamagata gaishe da kaburbura, kuma na ga wani ya sake shimfiɗa taswira a tsakar ɗaki. Ni ba wani dogon karatu na yi ba, ku yi haƙuri da rubutuna, amma bari ku ji abin da ya faru bara.

Wani ne. Ba zan faɗi sunansa ba, don ni nake dafa masa abinci. Ya sayi sabuwar mota, fara, ya shimfiɗa mata kafet mai laushi kamar bayan kyanwa. Ran da ya kawo ta ya tara mu a bakin ƙofa.

Ya ce, "Daga yau ba mai shigar mini mota da takalmi. Gida ce. Wa ya taɓa shiga gida da takalmi?"

Nozomi, babbar 'yarmu, ta ce, "Baba, gida ba ya tafiya."

"Wannan yana tafiya."

Ya saya wa kansa silifas na tuƙi, wanda bai taɓa taka ƙasa ba. Ya ajiye kwando a but. Dokar ita ce kowa ya tuɓe a bakin mota, ya jera takalmansa su kalli waje kamar yadda ake yi a ƙofar gida, shi kuma ya kwashe ya zuba a kwando. Ya bugi ƙirji ya ce, "Maman yara, ke dai ki ji da yara. Takalma nawa ne."

Ana saura kaɗan mu tafi sai ga saƙo daga Kaka, wato mahaifiyarsa. Takalman katako ne, ɗaya na Nozomi, ɗaya na ƙaninta Kanta. Igiyoyinsu da hannunta ta ɗinka, da ƙyallen rigar marigayi kakan yaran. Ta kira waya ta ce da su za su hau maƙabarta kafin rana ta faɗi, tsohon ya ga jikokinsa sanye da kayansa. Ta ƙara da cewa, "Hatsue, a hannunki na sa su." Hatsue ni ce. Ba a hannunsa ta ce ba.

Shi kuwa ya ce su sa tun daga gida ƙafarsu ta saba. Ya zaɓo wuraren tsayawa na yara: gonar awaki mai askirim, rumfar masu sayar da ƙwaro mai ƙaho, sai wurin tsoma ƙafa a ruwan zafi. Ya ce, "Babu yaron da zai yi kuka a tafiyar nan."

Gonar awaki ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Akuya ta cinye wa Kanta rabin hula, ya yi ta ƙyalƙyala dariya. Muka dawo, kowa ya tuɓe, ya jera. Sai askirim ɗin Kanta ya ɗiga a kafet. Ɗigo ɗaya.

"Kar kowa ya motsa!"

Ya faɗa ciki da tsumma. Ya goge, ya hura, ya shinshina, ya sake gogewa. Da hankalinsa ya kwanta sai ya zura silifas ya tayar da mota yana waƙa.

Mun yi nisa a babbar hanya Kanta ya ce, "Mama, fitsari."

Na ce, "Baban yara, takalman suna kwando ko?"

Waƙar ta tsaya.

Nozomi ta ce, "Na gan su ta gilashin baya. Suna kallonmu."

"Me ya hana ki magana?"

"Ka ce kar kowa ya motsa."

Kun san cunkoson babbar hanya lokacin Obon. Kafin mu sami mafita mu juyo, Kanta ya riga ya yi abinsa a kwalbar shayi, ubansa yana ihu, "Saita! Saita da kyau!" Da muka isa, takalman suna nan a jere, ba wanda ya taɓa. Wani ma ya kafa musu lema saboda rana. Motoci sun yi layi suna jira, ba mai shiga gurbin ajiye motar, wai masu wurin suna nan kusa. Tsoho mai gadin wurin ya sunkuya mana ya ce, "Sannunku da dawowa. Sun yi ta jira." Mutumin namu ya sunkuya wa mai gadi, ya sunkuya wa layin motoci, ni dai na ga har takalman ya sunkuya wa.

A rumfar ƙwari yaran suka zaɓi ƙato ɗaya mai ƙaho kamar na barewa, aka sa musu a akwatin roba. Na ce mu yi sauri, rana tana tafiya. Shi kuwa ya ɗaure fuska.

"Wannan karon ko ɗaya ba zai tsira ba."

Muka shiga. Ya zagaya motar a tsugune yana kwasa. Ya leƙa ƙarƙashinta. Ya sake zagayawa. Na ji yana danna murfin but da gwiwa, amma ban kawo komai a raina ba.

Ba mu jima a hanya ba sai ga wata baƙar mota ta liƙe mana a baya, tana kunna fitila tana danna hon.

Ya ce, "Kun ga 'yan hassada ko? Sun ga sabuwar mota." Ya taka totur.

Na ce, "Ka ba shi hanya ya wuce."

"Ni? A gaban 'ya'yana?"

Baƙar motar ta zo daidai da mu. Gilashi ya sauka. Sai ga ƙafa ta fito. Ƙatuwar ƙafa, tsirara, tana kaɗa yatsu.

Kanta ya ce, "Baba, yana gaishe ka da ƙafa."

Muka tsaya a gefe. Mai motar ya fito yana ɗingishi a kan kwalta, ƙato kamar ɗan kokawa, gumi yana zuba. Mutumin namu ya buɗe but, sai takalma suka zubo. Ga namu. Ga wani jan takalmin mata mai tsini. Ga na jarirai masu ƙara in an taka. Ga wasu manya kamar kwale-kwale.

Ƙaton ya ce, "Yallaɓai, ina goge wa yarinya hanci na ga hannu ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya kwashe mana takalma."

Na ce yau za a yi mana duka. Mutumin namu ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Yana sunkuyen ne ya hango cikin baƙar motar.

"Kai! Wannan kafet ɗin, mai dogon gashi ne?"

Fuskar ƙaton ta washe. "Ka gane shi? Matata cewa take ɓarnar kuɗi ce."

"Ba su san komai ba. Da me kake goge shi?"

Ni da matar ƙaton muka kalli juna ta gilashi. Ta ɗaga mini hannu a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa.

Da ƙyar na raba su. Na ce, "Baban yara, mu bar ruwan zafin nan. Kaka tana jira."

Ya ce, "Na yi wa yara alkawari. Kuma na gano bakin matsalar. Takalmi yana ɓacewa ne saboda yana fita. To ba zai fita ba. Kowa ya sauka haka."

Tsakar rana ce, watan Agusta, kwalta tana tururi. Na taka ƙafa ɗaya na ji har cikin haƙorina. Muka tsallaka filin nan muna tsalle kamar gyaɗa a kasko, shi yana gaba yana cewa, "Da yatsu! Ku taka da yatsu!" Tsofaffin da ke zaune a bakin ruwan suka fara tafa mana, sun ɗauka rawar Obon muke gwadawa. Muka cusa ƙonannun ƙafafu cikin ruwan zafi. Kanta ya tsala ihu. Nozomi ta ce, "Baba, ka ce ba mai kuka."

"Murna yake."

Wajen komawa wata sabuwa ta taso. Ƙafar da ta taka kwalta ba za ta hau kafet ba. Ya ɗauke yaran ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa. Ya zo zai ɗauke ni, na ce in ya taɓa ni a gaban mutane zan koma gidanmu. Sai ya tuna akwai tawul a but, ƙarƙashin kwando. Ya sauke kwandon ƙasa, ya ciro tawul, ya goge mana ƙafa yatsa bayan yatsa. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Kun gani? Ba takalmi ko ɗaya a ƙasa." Gaskiya ya faɗa. Kwando ne a ƙasa.

Rana ta yi ja muka isa. Kaka tana bakin ƙofa da furanni da bokitin wanke kabari, maƙwabta biyu a bayanta sun zo ganin jikoki. Ya buɗe but. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

Kaka ta kalli ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Hatsue."

Na ce, "Na'am, Mama."

"A ƙafa kuka zo daga Saitama?"

Shi ya ce, "Mama, ki fara ganin cikin motar tukuna. Ko ƙura babu."

Ta ce, "Sai ka tuƙa ta zuwa kan kabarin ubanka ya leƙa."

Nozomi ta fara hawaye, ni ma ina shirin bin ta, sai muka ji hon. Baƙar mota. Ƙaton nan ya fito rungume da kwandonmu.

"Mun tsaya tsoma ƙafa na gan shi. Na ce wannan aikin ɗan'uwana ne."

Mutumin namu ya rungume shi. Ni kuwa na ce, "Yallaɓai, ya aka yi ka san gidan?"

Ya juya takalmin Kanta. A ƙasan katakon an ƙona rubutu da ƙarfe mai zafi: sunan ƙauye, sunan gida, har da lambar waya.

Muka juya muka kalli Kaka. Ta ɗauki bokitinta ta ce, "Ni na haife shi."

Mun hau maƙabarta da sauran haske, katako yana ƙwas ƙwas a kan dutse. Ƙaton ya sha shayi ya yi sallama ya tafi. Da muka sauko, ga kwale-kwalensa biyu a jere a bakin hanya, suna kallon waje. Har yau suna gidan Kaka, ta shuka albasa a ciki.

To bana ta sake aiko sababbi, ƙafafun yaran sun girma, kuma ta ce wannan ne ƙyallen ƙarshe na rigar. Shi ya sa na kasa sukuni. Jama'a, ku taimaka ku gaya mini yadda zan yi, don jiya na tambaye shi ko zai haƙura mu shiga da takalmanmu, sai ya ɗago daga kan taswira yana murmushi ya ce:

"Kwantar da hankalinki, Maman yara. Bana ba abin da zai taɓa ƙasa. A saman mota za mu riƙa jera su."